Mako na shida: na daina bin mutane a baya

Abokan koyon ɗaukar hoto, sannunku da ƙoƙari. Makon nan na cika katin kyamara taf, amma hotuna biyu kacal na ajiye.

Da can yawo nake yi, daga Ƙofar Mata har Kasuwar Kurmi, duk wanda ya burge ni sai in bi shi ina ɗauka. Idan na dawo gida na duba, ba komai sai ƙeya da bayan riguna. Shi ne na ce bari in gwada ɗabi'ar Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen mai ɗaukar hoton nan da ya kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum tare da abokansa a 1947. Ƙaramar kyamara ƙirar Leica yake riƙewa, gilashinta mai milimita 50, ba ya son filasha, kuma yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin salatif don kada ta ja ido. Abin da ya fi kama ni shi ne haƙurinsa: ya zaɓi wuri mai kyawun haske da tsari, ya tsaya, mutum ya shigo da kansa.

Ranar Talata da hantsi na je karofi, na samu gefen wata rijiyar baba na tsuguna. Kusan awa ɗaya babu abin kirki. Can sai wani marini ya ɗago turmin yadi yana zuba, hannuwansa shuɗi har gwiwa, hazon hunturu ya tausasa rana. Sau ɗaya na danna. Shi ne na farko cikin biyun.

To amma fa zancen ɓuya, a nan garin ba ya ci. Mutum da kyamara a wuya, ko ya naɗe ta da salatif goma, an gan shi. Wani dattijo ma ya tare ni: "Kai yaro, ba ka iya sallama ba ne?" Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, a yi haƙuri," na durƙusa muka gaisa, na nuna masa abin da na ɗauka. Bayan an saba da zamana ne kowa ya koma kan aikinsa, sannan fuskoki suka saki. Mata kuwa ba na ɗauka sai da izini, in an ce a'a in sauke.

Inda nake fama har yanzu shi ne saurin shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗe ido haske ya shiga. Masu bugu a mabuga sun fi ƙarfin 1/125 na daƙiƙa, hannu sai ya fito dishi-dishi. Asabar zan koma in gwada 1/500, in kuma kai wa Baba nasa hoton da na wanke.