Hamza ɗaya ta ci min kwana uku

'Yan'uwa masu koyo, daren jiya wajen ƙarfe 11 bidiyon da nake haɗawa ya fito, kuma Octave, manhajar lissafin da nake aiki da ita, ce ta kira ffmpeg, manhajar haɗa bidiyo, da kanta ba tare da na taɓa taminal (tagar buga umarni) ba. Wallahi sai da na tashi na zaga ɗaki duk da sanyin Jos na wannan watan.

Ga aikin: kwaikwayon motsin lilo mai gaɓa biyu, fanshin Octave mai suna ode45 na warware lissafin, ana zana hotuna 600 a ajiye, sannan ffmpeg ta haɗa su su zama bidiyo. Abin da ya rage shi ne ƙaramin fanshin da na sa wa suna gudanar.m, wanda zai karɓi umarni ya miƙa wa system(), fanshin da Octave ke tayar da wasu manhajoji da shi, ya dawo min da lambar fita (mai nuna ko aikin ya yi ko bai yi ba) da abin da aka rubuto. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Tuntuɓen farko bai daɗe ba, na manta cewa a cikin sprintf, fanshin da ke harhaɗa rubutun umarnin, sai ka rubuta %%04d kafin %04d ya isa wurin ffmpeg. Na biyu ma haka, rashin -y ya sa ffmpeg ta tsaya tana jiran in amince ta rubuta kan tsohon fayil.

Na uku ne ya kama ni. system() na dawo da 2, rubutu kuwa babu ko harafi. In na buga umarnin da hannuna a taminal, sai ya tafi sumul. In Octave ta aika, 2. Na ƙara 2>&1 a ƙarshe don in kama ƙorafin ffmpeg, shiru. A nan kaina ya ɗaure, domin ffmpeg ba ta iya yin shiru ba, ko lafiya lau take sai ta cika allo da surutu. Wannan surutun ne ma ya sa tun farko nake tayar da Octave da 2>/dev/null, wanda ke zubar da saƙonnin kuskure, ashe da hannuna na toshe bakin da zai gaya min gaskiya.

Na zargi dash, ɗaya daga cikin shel, wato manhajojin da ke karanta umarni su aiwatar, kamar bash da taminal ɗina ke amfani da ita. A Ubuntu, tun fitowar 6.10 a 2006, /bin/sh ba bash ba ce, dash ce, kuma ita system() ke kira. Na bi umarnin kalma kalma ina neman abin da bash kaɗai ta sani, ban samu ba. Na sake saka ffmpeg, data ta tafi a banza. Ranar Talata aka ɗauke wuta tun safe, na zuba fetur na naira 5,000 a janareta, ya ƙone ƙurmus ina kallon lamba 2. Wannan ya yi min ciwo sosai.

Abin da ya tona asirin ba dabara ba ce. Na gaji, na ce bari bidiyon ya sauka a folda ɗaya da hotunan. Sai kuskuren ya canza kama: ffmpeg ta yi magana, ta ce ba ta ga fayil ba, ta rubuto wani dogon suna da ya haɗiye rabin umarnin. Farkonsa Maauni/hoto. Foldata kuwa sunanta Ma'auni. Ina hamzar ta shiga?

Ga yadda abin yake. Ina lulluɓe kowane suna da alamar zance guda ('), kamar yadda aka koya mana saboda sunaye masu sarari. To, hamzar da muke bugawa a kibod ita ce dai wannan alamar. Shel na isowa kan Ma' sai ta ɗauka zance ya rufe. Da alamomin suka kama 5, wato huɗu na lulluɓe sunaye biyu da hamzar Ma'auni, ta ƙarshe ba ta da abokiya, dash ta ƙi karanta layin gaba ɗaya ta fita da 2. Shi ya sa 2>&1 bai amfana ba, ba a ma kai gare shi ba, ffmpeg ba ta taɓa tashi ba. Da na sa bidiyon a foldar Ma'auni suka zama 6, sai suka haɗu bibbiyu a inda bai dace ba. A taminal kuwa Tab nake dannawa, bash na saka min \ kafin hamzar ban lura ba.

Maganin layi ɗaya ne, na sa shi a lullube.m:

["'" strrep(s, "'", "'\\''") "'"]

Wato duk inda hamza ta fito, a rufe zance, a saka ta da \ a gabanta, a sake buɗewa. Na gwada da Ma'auni, da 'yan aji, da sa'o'i mai guda biyu, duk sun wuce. Wani ya ce min in canza sunan foldar kawai in huta. Ban yarda ba. Jami'a, ma'aikata, ɗan'uwa, haka muke rubuta harshenmu, kuma fayilolin da ɗalibai za su turo min da irin waɗannan sunayen za su zo. Ku lura kuma, lanƙwasasshiyar hamzar da wasu wayoyi ke sakawa ba ta damun shel, saboda haka fayil ɗaya zai wuce, ɗan'uwansa mai kama da shi ya faɗi.

Saura Windows. A can system() ta cmd.exe, shel ɗin Windows, take bi, ita kuma ba ta ɗaukar alamar zance guda a matsayin lulluɓi, don haka lullube.m ba zai yi aiki a kwamfutar ƙanena ba. Ina shirin amfani da ispc(), mai gano ko a Windows ake, in raba hanyoyin biyu. Wanda ya riga ya yi wannan a cikinku, don Allah ya nuna min yadda ya bi da % a sunan fayil.