Kifin Ado a Zafin Birnin Kebbi: Wanda Zai Zauna da Wani a Ƙaramin Akwatin Gilashi

Akwatin da nake kiwon kifin ado a ciki tsawonsa santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 30, wato yana cin lita 54. Idan aka cire wurin da yashi da duwatsu suka cinye, ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba, kuma da wannan adadin nake lissafi.

Kafin in duba ko kifi kaza zai yi faɗa da kifi kaza, ina fara tambayar ko zai kai damina da rai. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, ruwan akwatin da ke cikin ɗaki kuma sai ya kai 31 ko 32 da la'asar. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5 ne, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Sannan a ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Da dare tsirrai ma shaƙar iskar suke yi, shi ya sa da asuba ake tarar da kifaye a saman ruwa suna buɗe baki. Wannan ne ya sa na cire ƙaramin kifin nan mai ƙyalli, neyon tetra, daga lissafi duk da kyansa, domin ya fi son digiri 20 zuwa 26. Yawancin koridoras, masu kiwo a ƙasan akwati, su ma haka. Golfish kuwa kifin ruwan sanyi ne, ga yawan kashi, ga cin ganye, ga girma.

Waɗanda suka fi jure mana su ne masu iya haɗiyar iska daga saman ruwa, wato gurami da beta. Amma gurami iri-iri ne. Shuɗin yakan kai santimita 12 ko fiye, kuma namijinsa ba ya barin kowa ya sake a wuri ƙarami. Ɗan ƙaramin mai launin zuma, wanda bai wuce santimita 5 ba, shi ne mai sanyin hali. Shi ɗaya na sa, tare da rasbora takwas, irin masu baƙin tabo mai kusurwa uku a gefe. Rasbora na yawo a tsakiyar ruwa, gurami na sama cikin saiwoyin kainuwa, babu mai shiga hanyar wani. Kifin garke kada ya gaza shida. In ka sayi biyu ko uku za su laɓe bayan ganye, launinsu ya dushe, su daina fitowa cin abinci.

Idan ruwanka na burtsatse ne mai barin farin ɓawo a buta, gofi da filati, ƙananan kifaye masu haihuwar 'ya'ya kai tsaye, sun fi dacewa da shi. Gofi shida, maza zalla, da filati uku sun isa. In za a haɗa da mata, a sa mace biyu ko uku ga kowane namiji, kuma a san cewa kusan duk wata suna haihuwa, akwatin zai cika kafin a ankara. Namijin beta ba ya zama da namijin gofi, domin doguwar wutsiya mai launi yana ɗaukarta a matsayin abokin gaba. Kifin da ake kira bab, mai ratsin baƙi, shi kuma cizon wutsiya ne aikinsa. Cikin kwana kaɗan za ka ga gefen wutsiyar gofi ya yage, daga nan ruɓa ta shiga.

Duk kifin da ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Mutanenmu sun san kifi, ga Argungu ga Yawuri, kuma ana yawan ba ni shawarar in jefa 'ya'yan tarwaɗa ko karfasa tunda a banza ake samunsu. Tarwaɗa mai tsawon yatsa cikin 'yan makonni za ta haɗiye rasbora da dare. Karfasa tana tonon yashi, tana tuge tsiro, tana cinye ganye. Haka fileko da ake sayarwa wai mai share gilashi: yana kai santimita 30, ba na wannan akwatin ba ne.

Tsirrai suna cikin abin da ke raba faɗa, domin kifin da ba ya ganin abokin gabarsa ba ya bin sa. Anubiyas, wanda asalinsa ma Afirka ta Yamma ne, yana jure zafi da ƙarancin haske. Da zare nake ɗaure shi a jikin dutse. In aka binne kaurin gindinsa cikin yashi ruɓewa yake yi. A baya na dasa balisneriya mai dogon ganye kamar ciyawa. A sama kuma kainuwa, wadda ke tsotse dattin ruwa da sauri, gurami kuma yana son inuwarta. Wadda aka ɗebo daga fadama sai ta yi mako biyu a bokiti daban, ana wankewa ana dubawa, saboda 'ya'yan mazari da ke maƙale a saiwarta suna farautar ƙananan kifi. Kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa.

Ban sa kifi ba sai da akwatin ya yi mako huɗu zuwa shida da tsirrai da matatar soso suna aiki, ina ɗan barbaɗa abinci don ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitirait sannan naitiret mai ƙarancin guba su kafu. Rasbora suka fara shiga, gurami bayan mako biyu. Ledar da kifi ya zo a ciki takan yi minti 20 tana shawagi a akwatin kafin a buɗe, kuma ruwan ledar ba ya shiga ciki.

Duk mako nakan canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Na famfo yana da kilorin, sai an sa masa maganin kashe ta. A bazara ƙaramar fanka mai caji da ke hura saman ruwa tana sauke digiri 2 zuwa 3, musamman da yake iskarmu busasshiya ce, sai dai ruwan na raguwa, kullum sai an cika. Injin iska mai batir yana ajiye kusa, abinci kuma nakan rage shi zuwa sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. A hunturu matsalar ta juya: ruwan kan faɗi ƙasa da digiri 22 da asuba, kuma a irin wannan faɗuwar ce cutar fararen ɗigo kamar gishiri ke fitowa a jikin kifi. Hita mai wat 50 da aka saita a 26 ta wadatar, in babu wuta kuma a lulluɓe akwatin da bargo tun magariba.