Tsohon Hoover na Gwaggo ya dawo bakin aiki

Injin wankin da nake amfani da shi yanzu ya girme ni. Hoovermatic ne, ƙirar Ingila, mai tukunya biyu: ɗaya ta wanki, ɗaya ta matsewa. Gwaggo ce ta taho da shi lokacin da ta gama karatun aikin jinya a can, ya yi shekaru a sito a ƙarƙashin tsofaffin katifu, har ranar da ta ce ko in ɗauka ko ta ba 'yan gwangwan.

Kamfanin Hoover ya fara ƙera injin wanki a garin Merthyr Tydfil da ke Wales a 1948, ya fito da wannan samfurin mai tukunya biyu a 1957, kuma sai a 2009 masana'antar ta daina aikin. An yi shi ne don gidajen da ba su da ɗakin wanki. Yana da ƙananan tayoyi, ki turo shi bakin famfo, ki gama, ki mayar da shi lungu ki rufe.

Mai gyaran fanka na unguwarmu na kira. Ya kwance bayan, ya leƙa, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai wannan ba shi da asiri. Moto ne da bel da famfo, shi ke nan." Moton lafiyarsa ƙalau. Duk abin da ya mutu roba ne: bel ya tsattsage, tiyo ya bushe yana karyewa a hannu, robar bakin famfon da ke fitar da ruwa ta cinye. Irin tasa ba a samunta a shago yanzu, sai ya ɗauki tsofaffin ya tafi kasuwar Panteka ya gwada da na wasu injuna har ya dace. Robar famfon kuwa da hannu ya yanka ta daga tsohon tub ɗin taya.

Wurin wayar wuta ne na tsaya a kansa. Tsohon tsarin Ingila ne a jikinta, ja da baƙi da kore, ba ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya irin na yanzu ba. Koren shi ne atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum. Jikin injin ƙarfe ne, ga ruwa, ga mace tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Duk wanda zai tayar da irin wannan injin, ya sake wayar gaba ɗaya, ya kuma tabbatar soket ɗin gidansa yana da atin na gaske, don da yawa daga gidajenmu ramin na uku ado ne kawai. Filogi dai bai ba mu wahala ba, mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya ne. Hitar ciki na sa ya cire, tana shan wutar da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. In ina son ruwan zafi, tukunya tana nan.

Abin da ya sa na fi son shi a kan na zamani mai ƙofar gilashi shi ne ya dace da zamanmu. Ba ya neman ruwan famfo mai ƙarfi. Jarkar mai garuwa nake juye masa da bokiti. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki, ba ya kulle mini kaya a ciki, sai in tsame in ƙarasa a baho. Kuma ruwan omo ɗaya nake bi da kaya kashi-kashi: fararen yunifom tukuna, sai atamfofi, sai wandunan yara, a ƙarshe tsumman goge-goge.

Wankin ma ba ya jan lokaci. Wani faifai ne a jikin bangon tukunyar yake juyawa da gudu yana tayar da ruwan kamar yana tafasa, minti 4 ya ishi kayan auduga. Amma nan halinsa yake. Ki bar kaya su wuce haka, za ki ciro su a ƙudundune, hannun riga ya ɗaure da ƙafar wando. Ba ya ɗaukar fiye da kilo 3, saboda haka zanin gado ɗaya-ɗaya nake saka masa. Leshi da mayafi ba sa kusantarsa. Shaddar maigida ma ban yarda ba, tana nan wurin mai wanki da bugu.

Wajen matsewa sai an danna kayan sun zauna daidai, in ba haka ba ya kama rawa yana tafiya a kan tayoyinsa, ga ƙara har maƙwabta su san ana wanki. In na gama, nakan tsiyaye ruwan tas, in goge, in bar murfin a buɗe saboda tsatsa. Mai gyaran ya ce bel ɗin da ya sa zai saki nan gaba, don haka na sa ya sayo mini guda biyu na ajiye.