Talata: jinin Baba ya sake sauka

Sakamakon gwajin Baba ya fito yau, ma'aunin jininsa 8. Likitar ta ce a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji in ya gaza 13 jininsa bai kai ba, mace kuma 12. Bara leda biyu aka ƙara masa, ya warware har ya koma majalisar ƙofar gida. Yanzu daga ɗaki zuwa masallaci sai ya dafa bango ya huta, tafin hannunsa fari fat.

Da ma Yaya ta yanke hukuncinta: tsufa ne, a ƙara masa zogale da hanta da ruwan ganyen ugu. Likitar ba ta kushe abincin ba, amma ta ce tsufa shi kaɗai ba dalili ba ne. Randar da ke yoyo, ko kullum ka cika ta, da safe ka tarar ta sauka, kuma yoyon ta fi son ganowa.

Sai ta juya wajensa. "Baba, me kuke sha don ciwon gwiwa?" Ya zaro ƙullin leda daga aljihu, haɗin da yaron kemis ke yi masa, har da diclofenac da ibuprofen a ciki. Ta ce irin waɗannan suna cin bangon ciki, jini ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan wata da watanni ba a sani ba. Ta tambaye shi ko bayan gidansa yana yin baƙi. Baba ya sunkuyar da kai, ni kuwa na fita na ba su wuri, don ba zai amsa wannan a gabana ba ko za a yi me.

Da na dawo ta lissafo sauran abin da za a duba. Ƙoda na farko, tunda yana da suga: ashe ita ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, in ta raunana jini ya ragu ko mutum na cin nama kullum. Maganin sugansa, metformin, shi ma in an daɗe a kansa yana rage bitamin B12, wataƙila ma shi ya kawo masa jin ƙafa kamar ba tasa ba. Sai tsutsar ciki, sai kuma abin da ta faɗa a hankali: ga dattijo mai ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ƙera jini da shi, dole a leƙa ciki da hanji da kyamara, saboda ciwon daji kan fara da haka. Gabana ya faɗi, ban nuna ba.

Duk abin da ya ɓata wa Baba rai bai kai maganar shayi ba. Ta ce ya daina kora abinci da shi, ya bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, don yana tare ƙarfen abinci. A adaidaita sahu yake ta mita, wai yarinyar nan ba ta san shayi ba.

Na kwashe ƙwayoyin kemis ɗin na ba Inna ta ɓoye, aka bar masa paracetamol. Alhamis za mu koma a ɗebi jinin ƙoda da na B12. Kuɗin kyamarar ne ban san ta inda zan tunkari Yaya da shi ba, sai dai in fara kiran Kawu gobe da safe.