Yadda na shawo kan firintar da ta ƙi jan takardar hoto

Firintar mai tawada ce, irin ta gida, da tire a baya da aljihu a ƙasa. Takardar rubutu tana ja lafiya lau. Amma da zarar na saka takardar hoto mai sheƙi, santimita 10 da 15, sai rolar da ke jan takarda ta yi ta juyi a banza, ta gurza sau biyu ko uku, allo ya ce wai babu takarda. Wani lokacin ta kwashi biyu a manne, ko ta shigar da ɗaya a karkace.

Tushen abin yana jikin takardar. Ta rubutu nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita, ta hoto kuwa daga 200 zuwa 300, ga tauri ga santsi. Robar da ke jan mai laushi ba tare da wahala ba, sai ta zame a kan wannan.

Da farko a aljihun ƙasa nake sakawa, kuskure ne. Takardar da ta fito daga nan sai ta yi kwana ta naɗe kafin ta iso ƙarƙashin kan da ke feso tawada, mai kauri kuwa ba ta son lanƙwasa. Tiren baya hanyarsa kusan miƙaƙƙiya ce, can na mayar da ita. A kula da fuskar: a tiren baya sheƙin yana kallonka, a aljihun ƙasa yana kallon ƙasa. Idan aka juya, tawadar ba za ta kama ba, sai ta taru ɗigo-ɗigo ta ɓata rola.

Sai yawa. Littafin yawancin irin waɗannan injina yana cewa kada a wuce 20, ni dai biyar nake sakawa, mai kauri sosai kuma ɗaya bayan ɗaya. Kafin in saka, nakan riƙe su ta gefe in buɗa su da babban yatsa iska ta shiga tsakani, domin fuskar mai sheƙi takan manne da bayan ta kusa da ita, abin da ke jawo kwasar biyu ke nan. Sannan in daidaita bakinsu a kan tebur. Madogaran gefe guda biyu su taɓa takarda kawai. An matse, ta kumbura a tsakiya ta ƙi sauka; an bar sarari, ta shiga a karkace.

Duk da haka ba ta daina zamewa ba, har sai da na haska tocila cikin tiren. Robar rolar, wadda ya kamata ta zama mai kaushi, ta yi fari-fari tana ƙyalli, garin takarda ya lulluɓe ta. Na kashe firintar na zare waya, na jiƙa tsumma marar gashi da ruwa, na matse shi sosai. Na goge robar, ina juya ta da yatsa har na zagaye, tsumman ya fito da toka-toka. A daidai ƙarƙashinta akwai wani ɗan faci mai kaushi da ke riƙe takarda ta biyu don ta farko kaɗai ta wuce, shi ma na goge shi. Ruwa ya isa, ban sa sifirit ba, domin yawan amfani da shi yana busar da roba ta tsattsage. Na ba ta minti goma ta bushe, na tura farar takarda uku don su kwashe sauran laima. Nan take ta ja takardar hoto a karo na farko. Wannan gogewar ita ce rabin aikin, da ita ya kamata in fara.

Saura lanƙwasa. Takardar da aka bari a buɗe tana shan danshi, gefunanta su ɗaga. Ɗora ta a kan tebur ka duba: idan kusurwa ta tashi fiye da milimita 3, ko dai ta maƙale, ko kan tawada ya goge ta ya bar baƙin tabo a baki. Nakan rufe fuskar da farar takarda, in naɗe ta a hankali ta ɗaya ɓangaren har ta miƙe. Ragowar kuma tana komawa ledarta, a rufe, a kwance.

Akwai saiti ma. Girma da nau'in takarda dole su zama ɗaya a allon firinta da a kwamfuta, in ba haka ba, tana iya ƙin bugawa. Zaɓen nau'in yana canza yawan tawada da saurin tafiyar takarda. Idan ana ganin kan tawada yana gogar takarda, a nemo zaɓin takarda mai kauri, shi ke ɗaga kan tawadar kaɗan. Ɗigon da ke jere kamar sawun allura a wuri mai duhu kuwa, ƙananan tayoyi masu haƙora ne na bakin fita suke taka tawadar da ba ta bushe ba, galibi saboda an zaɓi nau'in da ba shi ba.

Idan takarda ta maƙale, a kashe injin, a buɗe murfin baya, a ja da hannu biyu a hankali. Fizga na yage ta, guntun da ya rage kuma kan danne ɗan harshen roban da ke sanar da firinta shigowar takarda, sai ta yi ta kukan maƙalewa alhali babu komai a hanya. Takarda ta ƙarshe a tire ita ce ta fi gardama, don haka nakan sa farar takarda ɗaya mai girmanta a bayanta, rolar ta sami abin dannawa.