Sikeli kafin ciniki: yadda muke karɓar haihuwa da awon maruƙa a gonarmu

Shanun nama muke kiwo, Bunaji da Bokolo da 'yan ƙalilan masu jinin waje, kuma ba ma barin bijimi cikin garke duk tsawon shekara. Muna sake shi daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, kwana sittin da 'yan kai. Saniya kan nemi barbara duk bayan kwana 21, saboda haka kowace tana samun dama sau uku. Cikin saniya wata tara ne da kamar kwana goma, wajen kwana 283, kodayake namu na gida masu tozo sukan zarce da 'yan kwanaki. Idan ka lissafa za ka ga haihuwa tana faɗowa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, lokacin da ɗanyar ciyawa ta fito kuma uwa na da abin da za ta mayar nono.

Wannan tsari yana da nasa tsadar. Mafi yawan girman ɗan tayi a cikin wata ukun ƙarshe yake faruwa, kuma watannin nan su ne Maris da Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, sa'ad da daji ya ƙone kuma karan dawa ya ƙare. Saniyar da ta sha yunwa a wannan lokaci za ta haifi maraƙi ƙanƙane marar kuzari, dakashinta, wato nonon farko, ya yi ƙaranci, ita kanta ta kasa yunƙurin naƙuda. Shi ya sa tun kaka muke tara harawar wake da ta gyaɗa da kowa, wato ɓawon wake, mu ɗora a kan rumfa inda gara da rana ba za su ci ba. Daga wata na bakwai kowace mai ciki tana samun kilo ɗaya zuwa biyu na haɗin dusa da angurya a rana, ga harawa da yamma, ga gishirin lasa da ruwa ba yankewa. A nan masu kawo kaya suke ba mu wahala. Dusar da aka cakuɗa da ɓuntun shinkafa ko yashi ta cika kasuwa a bazara. Kafin mu biya, sai mun ɗebi tafi ɗaya daga ƙasan buhu mun zuba a bokitin ruwa: yashi ya kwanta, ɓuntu ya taso, buhun ya koma wa mai shi.

Saniyar da ta kusa ba ta ɓoyuwa ga mai lura. Hantsa ta cika, nonuwan sun miƙe suna sheƙi, gabanta ya kumbura yana zubar da yauƙi. Alamar da muka fi dogara da ita ita ce jijiyoyin da ke gefe biyu na gindin wutsiya. Idan ka danna ka ji sun saki, wurin ya lotsa, to da wuya ta wuce kwana ɗaya. Sai a ware ta zuwa ɗakin haihuwa, wuri mai tudu da ruwa ba ya kwanciya, an share an barbaɗa toka ko farar ƙasa, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Taɓon damina shi ne babban abokin gabar jaririn maraƙi; daga nan ciwon cibiya da zawo suke farawa.

Naƙuda kan fara da rashin natsuwa, ta kwanta ta tashi, ta ɗaga wutsiya, awa biyu zuwa shida. Da faya ta bayyana sai mu duba agogo. Saniyar da ta saba haihuwa takan gama cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, karsana mai haihuwar fari tana iya kai awa biyu. Fitowa ta daidai ita ce ƙafafun gaba biyu, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci a kansu. Idan tafin kofato yana kallon sama, yawanci ƙafafun baya ne, kuma wannan ba a jira da shi, domin cibiya tana matsewa kafin kai ya fito. Idan ta yi rabin awa tana yunƙuri ba abin da ya ƙaru, sai a wanke gabanta da ruwa da sabulu, a sa doguwar safar hannu, a shafa mai santsi, a shiga a ji. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, ko kai ya juya baya, sai an tura maraƙin ciki a tsakanin yunƙuri an gyara, tafin hannu yana rufe da kofato don kada ya yagi mahaifa. Igiya kuwa a sama da gwiwar kofato ake ɗaura ta, a ƙara zarge ɗaya a ƙasa. Ana ja ne kawai lokacin da uwa take yunƙuri, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, ana karkatawa ƙasa wajen dugaduganta. Ƙarfin mutum biyu shi ne iyaka. Abin da ya fi ƙarfin mutum biyu aikin likitan dabbobi ne, kuma masu ɗaura igiya a babur suna kashe uwa da ɗa ne a lokaci guda. Safar hannun nan ba ado ba ce: bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari a ƙarshen ciki, tana kama mutum ta ruwan haihuwa da mabiyiya.

Da ya faɗo sai a share majina daga hanci da baki, a zaunar da shi a kan ƙirjinsa, ƙafafu a naɗe ƙarƙashinsa. Idan numfashi ya yi jinkiri, a tsokani cikin hancinsa da tsinken ciyawa, a murza jikinsa da busasshen buhu da ƙarfi. Ba ma rataye shi kai ƙasa, don kayan ciki suna danne huhu. Cibiya a tsoma ta gaba ɗaya cikin aidin mai ƙarfin kashi 7, a ƙaramin kofi, ba a shafa da auduga ba, a maimaita washegari. Aidin ɗin ma sai an san inda aka saya, domin akwai wanda aka tsinka har ya koma kamar ruwan shayi, kuma cibiyar da bai busar ba ƙuda zai yi ƙwai a ciki, bayan kwana uku ka tarar da tsutsa. Mabiyiya takan faɗo da kanta cikin 'yan awoyi. Idan ta wuce awa goma sha biyu muna sanar da likita, amma ba ma janta, ba ma ɗaura mata dutse.

Sai dakashi. Maraƙi yana zuwa duniya ba shi da kariyar cuta ko kaɗan, a nonon farko yake samunta, kuma hanjinsa yana iya zuƙar wannan kariya ne na ɗan lokaci kawai: tana raguwa bayan awa shida, ta kusan rufewa a kwana ɗaya. Muna so ya tsaya cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu. Yawan da yake buƙata kashi ɗaya cikin goma ne na nauyinsa, wato maraƙi mai kilo 22 yana son lita biyu da ɗoriya a awoyin farko. Ka ga ke nan tun daga nan awo ya fara aiki. Idan bai kama ba, a tatsa a ba shi da kwalba. Ba mai taɓa dakashin saniya a gonar nan don amfanin gida.

Awon kansa muna yinsa cikin awa 24, bayan uwa ta lashe shi ya bushe. Sikelin rataye muke amfani da shi, mai ɗaukar kilo 50, domin mai kilo 200 layukansa sun yi faɗi, rabin kilo yakan ɓace a ciki. Ana rataye shi a jikin gungumen rumfa ko a ƙafa uku ta ƙarfe. Majanyin awo buhu ne mai kauri da aka huda ramuka huɗu na ƙafafu, aka ɗinke bakunan da igiya don kada su yage, kuma an yanke tsakiyarsa yadda ba zai goge cibiya ba. A fara rataya buhun shi kaɗai, a mayar da allura kan sifili. Ɗaukar maraƙi kuwa hannu ɗaya a gaban ƙirji, ɗaya a bayan cinyoyi; ba a tallafo shi ta ciki. A bari ƙafafu su bar ƙasa gaba ɗaya, kowa ya cire hannunsa, a jira ya daina mutsu-mutsu allura ta tsaya, sannan a karanta ido na daidai da fuskar sikelin. Wanda ya karanta daga ƙasa ko daga gefe zai ƙara ko ya rage. Duk abin bai kai minti uku ba idan an saba. Wanda ba shi da na rataye zai iya hawa sikelin ƙasa rungume da maraƙin, sannan ya hau shi kaɗai ya cire, muddin sikelin yana kan siminti ba kan turɓaya ba.

Sikeli ma yana ƙarya idan ba a kula da shi. Damina tana sa waya mai naɗi da ke cikinsa tsatsa, don haka a ɗaki yake kwana. Kafin haihuwar farko ta shekara, da kuma duk mako, muna gwada shi da ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, sai mu rataya jarka wofi mu mayar da allura sifili, mu auna lita 20 mu zuba. Idan bai nuna 20 ba, ya tashi daga aiki. Igiyar awon ƙirji da ake sayarwa kuwa an lissafa ta ne a kan shanun Turai, a jikin namu kintace kawai take bayarwa.

Uwar ita ce abin tsoro. Saniyar da take lafiya lau jiya, yau da ɗa a gabanta tana iya soke mutum, Rahaji, jar nan mai dogayen ƙaho, ma ta fi. Muna sa ta bayan ƙofar shinge inda take ganin ɗanta tana jin ƙanshinsa, mutum ɗaya ya tsaya mata da kwanon dusa. Ba a kai maraƙi nesa, ba a wanke shi, kuma mai turare a jiki ba ya taɓa shi, musamman ɗan karsana, don tana iya ƙinsa. A wannan zama ɗaya muke saka lambar kunne, a tsakiyar kunnen, tsakanin jijiyoyi biyun da suka miƙe, bayan an tsoma bakin abin hudawa a magani.

Abin da ke shiga littafi: rana, lambar uwa, lambar bijimi, namiji ko mace, nauyi, ita kaɗai ta haihu ko an taimaka, da lokacin da ya sha dakashi. Tagwaye a rubuta su da jan biro, domin maraƙar da aka haifa tare da namiji kusan kullum juya take zama, gara a san haka tun yau a sa ta layin nama. Bunaji da Bokolo zalla a wurinmu sukan faɗo tsakanin kilo 20 da 25, namiji ya ɗara mace kaɗan. Wanda ya gaza 18 muna zargin yunwa ko sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, a jikin uwar, ko bakwaini ne, sai a tsare shi kusa da gida. Idan kuwa karsana ta haifi mai kilo 30 da wahala, kuma wata ma ta yi haka, laifin bijimi ne, ba zai sake hawan karsana ba. Wannan ne ke ƙona mana rai da masu sayar da bijimai a kara suna cewa jinin waje ne, ba su san uwarsa ba, ba su san nauyinsa ranar haihuwa ba. Mutum ya saya don girman jiki, ya sake shi cikin ƙananan karsana, bayan wata tara ya yi ta kiran mahauci. Yanzu har akwai masu sayen lambar kunne a kasuwa su maƙala wa duk abin da suka tsinto don ya yi kama da na gona. Alhaji, idan aka nuna maka sa mai lamba, ka ce a buɗe maka shafinsa.

Muna sake awo a wata uku, sannan ranar yaye. Maraƙin da ya faɗo da kilo 22 ya kai 112 a kwana 180 ya ƙara kilo 90, wato rabin kilo kowace rana. Wani da ya faɗo da 25 ya tsaya a 85 a kwanakin nan, kilo ɗaya bisa uku kawai yake ƙarawa, kuma a kan dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ido ba zai nuna maka wannan bambanci da wuri ba. Da wannan lissafi muke sanin uwar da ke da nono, da wadda za a fitar, da 'yar da za a ajiye ta zama uwa. Mai saye yakan zo ya zagaya maraƙi, ya daki tozo, ya ce a kara ya ga irinsa ƙasa da haka. Mukan ce masa albarka, mu ɗauko littafi, mu nuna masa awo uku da ranakun rigakafi, in yana so a ɗora dabbar a sikeli a gabansa. Maruƙan Yuni suna isa yaye a Disamba da Janairu, kuma wanda ke son karsana ta haihuwa ya zo tun kafin nan ya ga uwar da idonsa tana shayarwa.