Daga Maradi zuwa Damagaram: aikin da ake yi kafin mota ta tashi

Na kama hanyar Damagaram daga Maradi domin ɗan gajeren bincike a kan jigilar fasinja, in ga abin da ke sa wata mota ta isa kan lokaci da mutanenta da kayansu, wata kuma ta kwana a daji. Tafiyar kilomita kusan 240 ce a kan babbar hanya mai lamba 1 ta ƙasar Nijar, wadda ta taso daga Yamai ta miƙe har Difa. Babbar kar, wato bas, ta kamfani na shiga, da na isa kuma na zauna a tashar ƙananan motoci don in gwada tsarin biyu.

A gidan kamfanin tun daren jiya ake yanke tikiti, da sunan fasinja da lambar kujerarsa. Da asuba a karɓi kaya, a manna wa kowace jaka takarda mai lamba, a ba mai ita rabin takardar. Masu sauka a Tasawa kayansu ake sawa a ƙarshe, kusa da ƙofar rumbun da ke ƙarƙashin motar, na Damagaram kuwa can ciki. Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana a sauke buhu ashirin a bakin kwalta don neman akwati guda. Sai a kira suna ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan takardar sunayen ita ake miƙa wa jandarma a shinge, tsayuwar ta gajarta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zagayen da direba ya yi da tocila kafin a kira fasinja. Ya duba iskar tayoyi tun suna da sanyi, domin tayar da ta yi gudu iskarta kan hau ta ruɗi ma'auni. Ya leƙa tsakanin tagwayen tayoyin baya ko dutse ya maƙale. Ya ja zoben da ke ƙasan tankin iskar birki ruwan da ya taru ya fesa, don in aka bar shi yana cin bawul, wata rana birki ya ƙi kamawa. Sannan ya ce wa yaron motar, "Kai, ka kakkaɓe matatar iska?" Yaron ya ce, "Tun jiya, maigida." A lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar, injin ya shaƙe, ya sha mai, ya rasa ƙarfi.

Muka wuce Cadawa, Agye da Gazawa, aka ɗan tsaya Tasawa. Daga Takeita, inda hanyar Matamaye ta rabu zuwa iyakar Najeriya, sai Tirmini, sai duwatsun Damagaram suka bayyana. Ba a ɗauki kowa a bakin hanya ba.

A tashar ƙananan motoci lissafin daban ne. Motocin Magarya, Mirya, Gure da Tanut layi suke bi, kuma ba agogo ke tayar da su ba, cika ke tayar da su. Hiace mai kujera 19 ba ta motsawa sai kujerar ƙarshe ta samu mai ita. A ganina yawancin matsalar daga nan take. Direban da ya yini yana jira yana da kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, ga na ɗan kamasho, ga na mai, ga na shinge. Hanya biyu ta rage masa: ya ƙara lodi ko ya ƙara gudu. Mafi yawa duka biyun suke yi, kuma ba mugunta ba ce, tsarin ne ya matse su.

Na tsaya kusa da wata motar Tanut ana ɗaure mata kaya. Buhunan gero aka fara jerawa a kan rufi, aka ɗora katifu, aka kwantar da babur a sama, har kayan suka kusa kai tsayin motar kanta. Nauyi in ya hau sama haka, mota kan yi tangaɗi a kwana, kuma in direba ya kauce wa rami ko jaki da sauri, kifewa ba wuya. Ƙa'ida ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, mara nauyi ya hau rufi. Na sunkuya na karanta lambobi huɗun da ke gefen tayar baya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ta haura shekara goma. Zanenta bai gama cinyewa ba, amma robar ta bushe ta tsattsage, kuma irin wannan ce ke fashewa a kan kwaltar watan Afrilu. Hanyar Tanut, wadda ta ratsa ta matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 kafin ta nufi Agadas, manyan tankoki ne ke binta, ba wurin fashewar taya ba ne.

Akwai abin da tashar ta fi kamfani: tana kai mutum garin da kar ba ta tsayawa, kuma saƙo da kuɗi kan isa hannun mai su ta amanar direba. Abin da ta rasa ba mai tsada ba ne. Littafin rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa, sanda mai alama a ƙofar fita da za a auna tsayin kayan rufi, da mota ɗaya a kowane layi da za ta tashi da safe kan lokaci ko ba ta cika ba, a raba giɓin tsakanin ƴan layin. Ƙungiyar direbobi da kanta za ta iya wannan.

Sauran tafiyar a cikin gari take, kan kabu-kabu da adaidaita. Daga tasha zuwa Birni, Zango ko kasuwar Dole ba nisa, sai dai farashin a baki yake, baƙo kuma da dare ninki ake cajinsa. Allo guda a ƙofar tasha da kuɗin kowace unguwa, da riga mai lamba ga kowane ɗan kabu-kabu, sun isa fasinja ya san wanda ya ɗauke shi da abin da zai biya.